Mutum, Kaɗo, Azne, Talaka: Tarihin Sunayen Ɗan Adam a Kwarin Maraɗi

Yaron da ke lakwal a Madarumfa da ɗan'uwansa da ke firamare a Jibiya, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai ta yini ba, amma harsuna biyu daban ake koya musu, kuma kowane harshe yana zuwa musu da matsala iri ɗaya. Na Nijar ana ce masa “homme” na nufin ɗan Adam, kuma na nufin namiji. Na Najeriya ana ce masa “man” haka take. In sun koma gida, dukansu “mutum” suke cewa, kuma in aka ce mutum biyar sun shiga kwalekwale a tafkin Madarumfa, ba wanda zai ɗauka cewa babu mace a ciki. Daga nan wasu ke saurin yanke cewa Hausa ta tsira daga rigimar da Turawa ke yi kan wane ne kalmar ɗan Adam ta ƙunsa. Abin da nake son in nuna ya bambanta da haka. Hausawa sun yi tasu rigimar, har ta fi ta Turawa zafi a wasu zamunna, sai dai sun bar kalmar “mutum” a buɗe, suka riƙa ƙera wasu sunaye a gefenta domin ware wanda ake son warewa. Kwarin Gulbin Maraɗi, inda Madarumfa take, yana cikin wuraren da suka fi nuna yadda waɗannan sunaye suke tashi da faɗuwa tare da masu mulki.

A fara da ta Turawan Ingila, tun da ita ce aka fi rubutawa. A tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi kafin Normandawa su ci ƙasar a 1066, “mann” na nufin mutum ne kawai, mace ko namiji. Namiji yana da sunansa, “wer”, mace ma tana da nata, “wif”. In ana son a ce mutum mace sai a haɗa biyun a ce “wifmann”, kuma wannan ce bakin mutane ya tauna har ta zama “woman” ta yau. Abin da ya faru shi ne “wer” ta mutu wajen ƙarni na 13, ba ta bar gado ba sai a 'yan kalmomi irin sunan dodon tatsuniyarsu, mutumin da ke rikiɗa ya zama kyarkeci. Da gurbin namiji ya zama fanko, sai “man” ta shiga ta zauna, alhali ba ta saki tsohon aikinta ba. Ita kuma “human” baƙuwa ce, ta shigo daga Faransanci a ƙarshen zamanin tsakiya, Faransanci kuma ya gaje ta daga Latin. Abin lura shi ne Latin ma irin wannan hanya ya bi: yana da “homo” ga ɗan Adam da “vir” ga namiji, “vir” ta ɓace a bakin jama'a, “homo” ta ɗauki kaya biyu ta zama “homme”. Harsuna biyu, kowanne da kansa, sun bar namiji ya gaje sunan kowa.

Wannan bai tsaya a nahawu ba. A 1789 majalisar juyin juya halin Faransa ta fitar da sanarwar haƙƙin “homme” da ɗan ƙasa, kuma da aka zo aiki da ita sai aka ga ashe ma'ana ta biyu aka riƙe, domin ba a bai wa mata ƙuri'a ba. Olympe de Gouges ta rubuta tata sanarwar ta haƙƙin mace a 1791 don ta tona wannan, aka sare mata kai a 1793 cikin rikicin siyasar lokacin, matan Faransa kuwa ba su jefa ƙuri'a ba sai 1945. Kalma mai fuska biyu tana da amfani ga mai mulki, domin yana iya yin alkawari da fuska ɗaya ya cika da ɗayar. Saboda haka ne a yau hukumomi da yawa a ƙasashen da ke aiki da Faransanci suka koma cewa “droits humains”, har da hukumar kare haƙƙi da Nijar ta kafa bayan kundin tsarin mulkin 2010, wadda ta maye gurbin wata da ke ɗauke da tsohon lafazin a sunanta.

“Mutum” ta girmi duk wannan. Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930 kafin ya shahara da rarraba harsunan Afirka, shi ya tabbatar da Hausa da sauran harsunan Cadi cikin babban dangin da ya haɗa Larabci, Ibrananci, tsohon harshen Masar da harsunan Buzaye. Ɗaya daga cikin hujjoji mafi ƙarfi na wannan dangantaka ita ce kalmar “mutu”: Balarabe na cewa “māta” da “mawt”, Buzu na cewa “emmet”, tsoffin Misirawa sun rubuta ta da baƙaƙen m da w da t. Ba aro ba ne daga Larabci, domin ana samun ta a harsunan Cadi da ke cikin duwatsun Bauchi da Mandara. A cikin dangin nan akwai kuma wani tushe mai kama da wannan da ke nufin mutum ko miji: “mutu” a harshen Akkad na tsohuwar Iraƙi, “met” a Ge'ez na Habasha, “metim” a Ibrananci. Masana sun kasu biyu, wasu na ganin tushe biyu ne da suka yi kama, wasu na ganin guda ne, wato mutum shi ne mai mutuwa. Masu ra'ayi na biyu suna da abin kafa hujja a wajen dangin, domin “mard” ta Farisa da ta Armeniya daga tushen mutuwa suka fito, “homo” ta Latin kuwa 'yar'uwar kalmar ƙasa ce, kamar yadda Adam yake da “adamah” a Ibrananci. Al'ummu da yawa, da suka tashi raɗa wa kansu suna, abin da ya raba su da abin bauta suka duba: shi yana dawwama a sama, su na ƙasa ne masu ƙarewa. Suna irin wannan ba ya da ƙofar da za a fitar da wani, tun da sarki da bawa duk suna mutuwa.

Musulunci ya zo ya ƙara wani rufi a kan wannan. “Ɗan Adam” fassara ce ta “ibn Ādam”, “bil'adama” kuwa lafazin Larabcin ne kansa da harshen Bahaushe ya sassaƙa, kamar yadda Waswahili suka mai da shi “binadamu”, Turkawa kuma suka ɗauki “adam” ita kaɗai. Sababbin kalmomin ba su kori tsohuwar ba, raba aiki suka yi. Ana kiran ɗan Adam in ana maganar rauni, mantuwa da butulci, ko in ana bambanta shi da aljan da mala'ika, kuma da aka zo fassara sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 su aka ɗauka. “Mutum” ta ci gaba da zama ta kasuwa da gona da ƙidaya, tana da faɗin da har aljanu suka samu wuri a ciki, ana ce musu mutanen ɓoye. A bakin mutanen Maraɗi da Gobir sau da yawa “mutun” za a ji, da nun a ƙarshe.

To, a ina aka yi wariyar? Sai a dubi tarihin kwarin. Kafin jihadi, yankin da Madarumfa, Safo, Jiratawa da Gabi suke a yau arewacin ƙasar Katsina ne, daji mai duhu da fadama, mazaunansa manoma, mafarauta da masunta, da yawansu a kan addinin gargajiya. Shehu Usman ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, wajen 1807 kuma birnin Katsina ya faɗa hannun mutanensa, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki. Tsohon gidan sarauta ya ja da baya zuwa Ɗankama, aka sake cinsu a can, Sarki Magajin Halidu ya rasu, waɗanda suka tsira suka naɗa Ɗan Kasawa suka nufi Damagaram. Shekaru ya yi yana baƙunta, sarki ba ƙasa. Abin da ya dawo da shi mutanen kwarin ne. Sun gaji da wakilin da sabuwar gwamnatin Katsina ta ɗora musu, Mani Asha, suka tashi suka kashe shi, suka aika wa Ɗan Kasawa ya zo, wajen 1819. Haka Maraɗi ta zama mazaunin sarautar da har yau sunanta Sarkin Katsina. Magajinsa Rauda ya faɗi a yaƙin Gawakuke a 1836 tare da Sarkin Gobir Ali, a hannun rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, bayan haka ne Gobirawa ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tibiri kusa da Maraɗi. Daga nan har ƙarshen ƙarnin, musamman zamanin Ɗan Baskore wanda M. G. Smith ya ƙiyasta mulkinsa daga 1854 zuwa 1875, ƙasar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina fagen hari ce, kuma Madarumfa a bakin wannan fage take.

Cikin wannan yaƙi aka raɗa wa mutanen Ɗan Kasawa sunan da littattafan tarihi suka riƙe: Haɓe. Kalmar Fulatanci ce, tilonta Kaɗo, kuma ma'anarta wanda ba Bafulatani ba. Ba ta san Bahaushe ba musamman. A Mali Fulani da ita suke kiran Dogon mazauna duwatsun Bandiagara. Turawan Ingila da suka ci daular Sakkwato a 1903 sun tarar da ita a bakin sarakunan da suka yi hulɗa da su, suka zuba ta cikin rahotanninsu, sai ga “sarakunan Haɓe” sun zama babi a littafin makaranta, kamar wata ƙabila ce mai wannan suna. Su waɗanda ake nufi ba su kira kansu haka ba. A Maraɗi Katsinawa ne, a Tibiri Gobirawa, waɗanda suka bar Zariya suka kafa Abuja ta farko, wadda yanzu ake kira Suleja, Zage-zagi ne. Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1981 kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya yi dogon bayani cewa raba tarihin nan gida biyu, Haɓe da Fulani, yana ɓoye fiye da abin da yake bayyanawa, domin akwai Hausawa da yawa a rundunar jihadi, akwai kuma Fulani da suka tsaya tare da tsofaffin sarakuna. Ina ganin ya yi gaskiya. Sunan da ke faɗin abin da mutum ba shi ba ne, wanda ya ci yaƙi kaɗai ke iya sa shi ya zauna.

Su Katsinawan Maraɗi, da aka kira Haɓe daga kudu, suna da nasu sunan ga waɗanda suka tarar a kwarin: Azna, ko Anna a lafazin wurin, Arna a wasu wurare. A ƙasar Kano da Katsina irin waɗannan mutane Maguzawa ake ce musu, daga “majūs” ta Larabci, sunan mabiya tsohon addinin Farisa, wanda malaman fiƙihu suka faɗaɗa domin a samu hukuncin zama da wanda ba Musulmi ba a karɓi jiziya a hannunsa. Wato ko wannan sunan, da yake na wariya, ƙofa ce aka buɗe don kada a yaƙe su. A Maraɗi lamarin ya wuce haƙuri da juna, domin sarautar da Anna suka kira da kansu ba ta da bakin raina su. Guy Nicolas, wanda ya shafe shekaru yana nazarin kwarin ya kuma buga babban littafinsa a 1975, ya nuna cewa Anna gidaje ne masu gado, kowane da abin da ya riƙe: wannan noma, wancan farauta, wancan su, wancan ƙira, kuma fada tana bukatar su a kan sha'anin ƙasa da damina. Durbi, ɗaya daga cikin manyan fada huɗu tare da Ƙaura, Galadima da 'Yanɗaka, sunansa na komawa ga Durɓawa da suka riƙe Katsina kafin gidan Korau, wato tsohon gidan sarautar da ya dawo Maraɗi. Iya kuma, mace daga gidan sarauta, ita ke shugabantar masu bori. A gefen wannan duka, tafkin Madarumfa yana kewaye da kaburburan da al'ada ta ce na waliyyai 99 ne, ana zuwa ziyararsu daga nesa, kuma a 2006 Nijar ta sa tafkin da dajinsa da kaburburan cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su. Ƙasa ɗaya ta ɗauki masu ziyarar waliyyai da masu yanka wa iskoki. A wancan zamani, a wannan kwari, Azne matsayi ne mai haƙƙi da aiki. Yau a biranen Najeriya “arne” zagi ne da ake jifan Kirista da shi, wanda kakanninsa ba su taɓa jin sunan Durbi ba. Harafi bai canja sosai ba, waɗanda ke riƙe da kalmar ne suka canja.

Mai ƙalubale zai ce, kuma da hujjarsa: mene ne amfanin faɗin kalmar “mutum” ga wanda mahayan Ɗan Baskore suka kama a gonarsa a ƙasar Katsina, ko wanda mahayan Katsina suka kama a fadamar Gabi, aka kai shi kasuwa? An san shi mutum ne, an kuma sayar da shi. Wannan gaskiya ce, kuma ba na da'awar cewa harshen Hausa ya fi na Turawa tausayi. Abin da nake cewa shi ne wurin da aka sa shingen daban ne, kuma wurin yana da tasiri. Kishiyar bawa a Hausa ita ce ɗa. Daga nan aka samu 'yanci, wanda a Maraɗi da Gobir da Sakkwato ake ce wa ɗiyauci, daga ɗiya. Mai 'yanci shi ne wanda ke da iyayen da za su tsaya masa. Bawa shi ne wanda aka tsinke daga danginsa, ɗansa da aka haifa a gidan ubangiji kuma dimajo, wata kalmar da aka aro daga Fulatanci. Tun da an bar wa bawa sunan mutum, dole sai da suna na biyu ake riƙe shi, suna na biyu kuwa ana iya cire shi: da fansa, da murgu, da 'yantawa, ko da doka. Shi ya sa ma arziki a wannan ƙasa aka auna shi da mutane. Emmanuel Grégoire, da ya yi nazarin Alhazan Maraɗi a littafinsa na 1986, ya tarar 'yan kasuwa suna fifita arzikin mutane, wato yawan barori da yaran gida da masu dogaro da kai, a kan kuɗin da ke ajiye. Tsari ne mai ɗaukaka mutum da kuma mallakarsa a lokaci guda, kuma ban ga dalilin ɓoye rabin biyun ba.

Zuwan Turawa ya ƙara sunaye. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, aka gyara ta a 1904 da 1906 domin Faransa ta samu hanya mai ruwa daga kogin Kwara zuwa Damagaram, daga 1906 zuwa 1908 kuma aka bi aka kafa alamun iyaka. Maraɗi da Madarumfa suka faɗa hannun Faransa, Jibiya da Katsina hannun Ingila. Ƙasar da ta yi sanarwar 1789 ta raba mutanen da take mulka gida biyu, ɗan ƙasa da “sujet”, na biyun kuwa kumandan, Baturen mulki, yana iya ɗaure shi ba shari'a, ya kuma tura shi aikin dole. Sai a 1946 aka soke wannan, da dokar Houphouët-Boigny da ta haramta aikin tilas da ta Lamine Guèye da ta bai wa kowa matsayin ɗan ƙasa. Bahaushe bai sha wahalar gane “sujet” ba, yana da talaka tun da daɗewa. Kalmar, a binciken masana harshe, daga harshen Buzaye ta shigo, inda take nufin matalauci mai zama ƙarƙashin wani, daga Hausa kuma Yarbawa suka karɓe ta. Ma'anarta ta farko a ƙasar Hausa ta fi karkata ga wanda ba shi da sarauta, ko da yana da dukiya. Ita ce kaɗai cikin sunayen nan da masu ita suka ƙwace suka mai da tuta: NEPU a Kano daga 1950, wadda Malam Aminu Kano ya jagoranta, da Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar, duka da sunan talakawa suka yi magana, har kalmar Sawaba ɗin suka yi tarayya a kanta a gefe biyu na iyakar.

Ƙalubale na biyu ya fi na farko kaifi, domin ya taɓa inda na fara. Za a ce “mutum” a nahawu namiji ce: mutum ya zo ake cewa, kuma da ana son mace sai an ƙera mutuniya. Ɗan Adam ma ɗa ne. Sannan in da kowa ya yarda mace na ciki, me ya sa Rahma Abdulmajid ta ga bukatar raɗa wa littafinta suna Mace Mutum? Sunan nan da'awa ce, kuma ba a yin da'awa a kan abin da ba a musantawa. Na karɓi rabin wannan. Nahawun Hausa yana ba namiji fifiko in ba a san jinsi ba, kamar Larabci da Faransanci. Amma namiji da miji da maza suna nan da ransu, ba su mutu kamar “wer” da “vir” ba, don haka ba a taɓa samun gurbin da “mutum” za ta faɗa ciki ba. Wanda ya ce mutane ba ya nufin maza, kuma ba alƙalin da zai iya fassara ta haka. Ƙarfin sunan littafin ma daga nan yake: marubuciyar ba sabuwar kalma ta nema ba, ta ɗauki wadda kowa ya riga ya yarda da ita ta tambayi al'umma dalilin da ya sa aikinta ya saɓa wa bakinta. Mai magana da Ingilishi ba ya iya yin wannan da “man”. Sai da ya sauka daga kanta ya koma “human” da “person”.

Inda Hausa ta taƙaita “mutum” da gaske shi ne wajen hali. Ana cewa wane ba mutum ba ne, ba a nufin dabba ne, ana nufin ba ya da kunya ko alkawari. Daga tushen aka fitar da mutunci, abin da ake ci, ake zubarwa, ake karewa, da mutuntaka, da mutunta baƙo. Anthony Kirk-Greene ya gina laccarsa da aka buga a 1974 kan mutumin kirki, ya jero gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi da mutunci cikin abin da ake auna shi da su. Ingilishi ma ya yi irin wannan rabuwa, domin “human” da “humane” kalma ɗaya ce mai rubutu biyu har farkon ƙarni na 18, sannan aka bar wa ɗaya jinsin, ɗayar tausayin. Bambancin shi ne a Hausa hukuncin yana hawa kan mai ƙarfi fiye da mai rauni: azzalumin hakimi ne ake cewa ba shi da mutunci, kuma talakan da ya zalunta ne ke faɗa.

Sunayen gefe ba su ƙare da mulkin mallaka ba. Faransa ta haramta cinikin bayi a yankunanta na Afirka ta Yamma a 1905, amma Nijar ba ta sa bauta cikin manyan laifuka a dokar hukunta laifi ba sai 2003. A 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, da ta zauna a Yamai, ta yanke cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya a yankin Ƙonni aka riƙe ta a matsayin wahayya, wato mace ta biyar da ba a ɗaura wa aure ba, ba ta da sadaki ba ta da gado. Kotun ta umarci a biya ta diyyar sefa miliyan 10. A duk tsawon shari'ar, daga kotun gargajiya har zuwa ta ƙasa da ƙasa, ba wanda ya yi musun cewa ita mutum ce. Gardamar da aka yi shekaru ana yi ita ce ko matar wanda ya saye ta ce ko baiwarsa.